Ga Dam Ga Damina, Amma Ina Za Mu Kai Iyali?

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Damina ta kankama, ƙura ta kwanta, ko'ina ya yi kore shar, yara suna hutun makaranta sun cika gida da hayaniya, uwargida ta shekara tsakanin murhu da igiyar shanya, sai magidanci ya ce bari ranar Lahadi ya kwashi iyalinsa su je bakin ruwa, su shimfiɗa tabarma, su ci dambu, su sha zoɓo, su dawo kafin magariba. Iyakar burinsa ke nan. To, ina zai kai su?

Kada wani ya ce mini babu ruwa. A Kano muke. Ga Tiga can a Bebeji, wadda aka kammala a 1974, tana riƙe da ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, ita ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ga Challawa a Ƙaraye tun 1992. Ga Watari a Ɓagwai. Ga Bagauda. Marigayi Audu Bako, wanda ya mulki jihar nan daga 1967 zuwa 1975, da ya tashi datse ruwa bai tsaya kan noman rani kaɗai ba, ya san ɗan Adam yana bukatar wurin da zai huce gajiya. Shi ya sa aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, aka yi gidan zu a cikin birni. Yau otal ɗin Bagauda ya zama makarantar horar da lauyoyi. Karatu alheri ne, amma wane wuri aka gina wa iyalai a madadinsa? Tambayi yaran unguwarku ko sun taɓa jin sunan Rock Castle. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Duk wanda ya taɓa yin ƙarfin halin zuwa irin waɗannan wurare da damina ya san abin da nake faɗa. Ka sha man mota da tsadarsa, ka sauka daga kwalta ka faɗa taɓo, ka isa, sai ka ga kyan da zai sa ka yi tasbihi: ruwa shimfiɗe iya ganinka, hadari ya haɗo ta gabas, masunta suna jan koma, shanu suna kiwo a gefe, shiru sai kukan tsuntsaye. Allah ya yi nasa. Namu fa? Babu rumfar da za ku fake in ruwa ya tsuge. Babu banɗaki, sai mace mai mutuncinta ta kama neman bayan duhuwa da buta a hannu. Babu wurin salla mai tsabta. Babu allo ko ɗaya da zai ce maka nan akwai zurfi, kada yaro ya matsa. Babu mai gadin da zai ja kunnen kowa, babu mai ceto, kuma in wani abu ya faru, asibitin da ke kusa sai ka yi tambaya kafin ka san inda yake. Uban da ya zo hutawa sai ya wuni a tsaye yana ƙirga 'ya'yansa.

Sannan ga kwale-kwale. Yara za su gani, za su yi ta roƙo, Baba mu shiga, Baba mu shiga. Ka dubi katakon, ka dubi yaron da ke kwarfe ruwa da kwano, ka nemi rigar kariya ko ɗaya ka rasa. Mun manta da Ɓagwai ne? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, yara ƙanana. Aka yi ta'aziyya, aka yi alkawura, aka watse. Kullum ihu bayan hari. Dam ɗin Bagauda ya taɓa ɓallewa a 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri da tsakar dare. Wanda bai kula da bangon da ke riƙe ruwan ba, yaushe zai tuna da bencin da tsohuwa za ta zauna?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne munafuncin. Waɗanda amanar wuraren nan ke wuyansu sun fi kowa sanin daɗin bakin ruwa. Da an yi hutu ka ga hotunan 'ya'yansu a Dubai da Masar da Turkiyya, a cikin jirgin ruwa, kowane yaro da rigarsa ta kariya ɗaure tamau. Su dawo su hau mumbari su ce za su bunƙasa yawon buɗe ido, za su jawo baƙi daga ƙasashen waje. Wane baƙo? Ɗan Fagge da ɗan Kurna ma ba su samu inda za su zauna ba. Ka fara da na gida mana!

Mu ma ba za mu tsira ba, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne za mu ci mu sha mu bar leda da robar ruwa a bakin ruwan da wasu ke sha. Mu ne za mu bar samari su mamaye wurin da hayaƙi da ashar har mai iyali ya ji kunyar tsayawa. Kuma mu ne in maƙwabci ya fita da matarsa da 'ya'yansa shan iska za mu ce ya rasa aikin yi, ko mace ta fi ƙarfinsa. Kaico! Yaron da bai taɓa ganin inda ruwan famfonsu da shinkafar tukunyarsu ke fitowa ba, ta yaya zai girma da kishin wurin? Mun kulle su a ɗaki da waya, sannan muna kukan tarbiyya ta lalace.

Ba wani abin a zo a gani muke nema ba. A gyara hanya. A kafa rumfuna, a haƙa banɗaki na maza da na mata, a keɓe wurin salla. A sa shinge da alama inda ke da haɗari. A haɗa kai da Sarkin Ruwa da masuntan yankin, waɗanda suka san ruwan ciki da bai, a ɗauke su aikin ceto, a biya su. A hana kowane jirgi tashi in babu rigar kariya ga kowa, a ƙayyade adadin da zai ɗauka. A sa kuɗin shiga daidai aljihun talaka, za mu biya, matan ƙauyukan nan su sayar da gasasshiyar masara da soyayyen kifi su ma su samu. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arka, ɗan'uwa, ka tambaye shi wannan a gaban jama'a, kuma kada ka karɓi "in sha Allahu za mu duba". Ya faɗi wane dam, ya faɗi wace shekara.