Wa ya isa a ci kuɗi da gawarsa?

Akwai wata magana da kunnena ya jiyo mini a teburin mai shayi cikin makon farko na sabuwar shekara, na yi ta haɗiye ta har ta ƙi haɗiyuwa. Yau zan amayar da ita a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Bayan sallar isha'i ne. Ina zaune ina jiran a haɗa mini shayi, sai na ji samari wajen su bakwai sun kaure da gardama a bencin baya. Na ɗauka ƙwallo ce, tunda ita ce tuwon darensu. Sai na ji ɗaya yana cewa, "Wannan bai isa ba, wa ya san shi in ka tsallako Jebba?" Wani ya ce, "Ai in ya mutu BBC Hausa za ta faɗa." Na uku ya ce, "Ta Hausa ba ta shiga lissafi, sai ta Turanci." Na juya na ce, "Kai samari, wa ya rasu?" Suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, babu wanda ya rasu tukuna. Jira muke yi."

Da na matsa, sai suka miƙo mini wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Kowa a cikinsu ya rubuta sunayen mutum goma, shahararru, waɗanda yake zaton ba za su ga ƙarshen shekara ba. Kowa ya yi zubi kamar na adashi, an damƙa wa mutum ɗaya. Ran 31 ga Disamba a yi lissafi, wanda mutanensa suka fi kawo masa maki ya kwashe kuɗin. Gardamar da na tarar kuwa ita ce ta tantance wanda ya shahara har ya cancanci shiga takardar.

Kada wani ya ce yaranmu ne suka ƙirƙiro wannan abu. A waya suka tsinto shi, kuma tsohuwar sana'a ce a Ingila da Amurka. Tun a ƙarni na 18 mutanen Landan kan yanki inshora a kan ran babban mutumin da ba su haɗa komai da shi ba, musamman in an ji ya kwanta ciwo, ranar da ya cika su je su karɓi kuɗi. Abin ya yi ƙamari har majalisar dokokinsu ta yi doka a 1774, ta hana mutum yankar inshora a kan ran wanda mutuwarsa ba za ta jawo masa wata asara ba. Ka ji fa, su kansu masu abin sun ga muninsa tun shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce. A 1988 an yi fim a Amurka mai suna The Dead Pool, da Clint Eastwood a ciki, inda aka riƙa bin waɗanda ke cikin irin wannan jeri ana kashewa ɗaya bayan ɗaya. A Ingila kuma akwai masu fitar da wani jeri da suke kira DeathList duk shekara tun 1987, yanzu sunaye 50 suke jerawa, kuma sharaɗinsu shi ne mutum ya shahara yadda kafofin labaran ƙasarsu za su ba da labarin mutuwarsa.

Yadda ake ba da maki shi ne ya fi tayar mini da tsigar jiki. A da yawa daga cikin waɗannan cacar, ana cire shekarun mamaci ne daga 100, abin da ya rage shi ne makinka. Yaranmu ma haka suka kwafo. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta rasu a 2022 tana da shekara 96, wato maki 4 kacal, ba ta da riba. Pele ya rasu a ƙarshen wannan shekarar yana da 82, maki 18. Amma Samuel Okwaraji, da ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas cikin Agustan 1989 ana wasa da Angola, yana da shekara 25, shi maki 75 zai kawo. Ranar da ƙasa gaba ɗaya ta yi jugum, ranar da uwa ta rasa ɗanta yana tsakiyar ƙarfinsa, ita ce ranar da mai takarda zai yi tsalle. Duk wanda ya rubuta sunan matashi a jerinsa, ya sani ya saka kansa cikin masu fatan hatsarin mota da ciwon farat ɗaya.

To, mu koma kan gardamar tasu. In za a yi adalci, sharaɗin shahara yana da dalilinsa a wurin masu wasan. Suna son mutuwar da za a iya tabbatarwa a jarida, kuma ba sa son wani ya rubuto sunan maƙwabcinsa da ya san likita ya riga ya sallama. Amma dubi wanda suka naɗa alƙali. Editan jarida ne a wata ƙasa, shi zai yanke ko rayuwarka ta kai a ambata. Wannan ne ya ɓata wa ɗaya daga cikin samarin rai. Ya ce wariya ce. Ya ce ina dalili a ce irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, mutanen da aka sani daga Agadas har Kumasi, sai wani Bature ya sa hannu kafin a yarda sun shahara? Ya yi ta kumfar baki yana kare martabar Hausawa. Na dube shi na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Yaro yana fafutukar a ba gwarazanmu 'yancin a yi caca da gawarsu, kuma yana ganin kishin al'umma yake yi.

Sai ga abin da ya tone asirin wasan gaba ɗaya. Wani a cikinsu ya ce tunda haka ne a bar zancen jarida, duk wanda Sabo ta sani ya shiga. Ya kama sunan wani dattijo, tsohon fataken goro, wanda ke kwance tun daminar bara. Ya ce daga Mokola har Bodija babu wanda bai san shi ba. Kafin ya rufe baki, wani yaro ya yi wuf ya cakumi wuyan rigarsa. "Kakana ne fa! Uban uwata ne!" Da ƙyar aka raba su. Bayan ƙura ta lafa sai suka yanke hukunci, baki ɗaya, cewa babu ɗan unguwa a takarda. Dalilinsu? Wai bai shahara ba.

Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Dattijon nan ya fi rabin sunayen da ke takardarsu sanuwa a wurinsu. Sun ci goronsa, sun karɓi barka da sallarsa, wasu ma shi ya yanka ragon sunansu. Abin da ya hana shi shiga shi ne kusanci: in ya rasu dole su je zaman makoki, su ga matarsa da 'ya'yansa, su ɗauki makara. Ma'aunin da suke nema ke nan tun farko, mutum wanda aka san sunansa amma ba a jin kukan gidansa. Kalmar shahara bargo ce kawai aka lulluɓa. Kowane suna da ke takardar nan kakan wani ne, uban wata ne, kuma akwai yaron da zai cakumi wuyan riga dominsa, sai dai yana nesa, hannunsa ba zai kawo Ibadan ba.

Mu kuwa mazauna zango, ai mu ne bai kamata a koya mana zafin wannan ba. Fiye da shekara ɗari muna zaune a Sabo, kuma mun san yadda ake ba da labarinmu. In tirelar shanu ko ta tumatir ta kife a hanyar Oyo, sai ka ji an ce mutum kaza sun mutu, shi ke nan. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 an rasa rayuka daga ɓangarori biyu, aka yi ta jayayya a kan adadi. Mu nawa ne a yau za mu iya kawo sunan mutum uku daga cikin waɗanda aka binne? Mun sha ƙorafi cewa an mai da mu lamba. Yanzu kuma 'ya'yanmu sun zauna a bencinmu suna mai da 'ya'yan wasu lamba, har da cirewa daga 100.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an riga an ba ni su a daren. Na farko, wai wasa ne. Wasan da sai an yi jana'iza kafin a ci shi, wane irin wasa ne? Na biyu, wai ba su kashe kowa ba, wanda zai mutu zai mutu. Gaskiya ne takarda ba ta kisa. Amma ka tambayi zuciyarka abin da za ta fara yi ranar da ka ji an kwantar da na uku a jerinka a asibiti. Addu'ar samun sauƙi za ta zo maka, ko lissafi? Wanda ya yi wata goma sha biyu yana horar da zuciyarsa ta ji daɗin labarin mutuwa, ba zai kwance wannan horon ranar da ta shigo gidansu ba. Na uku, wai ai gidajen jarida ma suna rubuta tarihin manyan mutane su ajiye tun suna da rai. Haka ne, har ma a Nuwamban 2020 gidan rediyon RFI ya saki irin waɗannan rubuce-rubuce bisa kuskure, ciki har da na Sarauniya da na Pele, ya fito ya ba da haƙuri. Amma ɗan jarida ba a ƙara masa ko sisi don mutumin ya mutu da wuri. Shi kamar mai ajiye likkafani ne a gida, ku kuwa kun zuba kuɗi a kan ranar da za a ɗinka shi.

Ta fuskar addini ba sai na ja dogon zance ba, malamai suna nan. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a layi ɗaya ta hana, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya rufe ƙofar sanin gobe da sanin ƙasar da rai zai cika. Wanda ya ce tasu babu kuɗi a ciki, to ya kuɓuta daga caca, saura ya gaya mana yadda zai kuɓuta daga jiran mutuwar ɗan Adam da murna.

Amma ba zan sauke wa yara kayan duka ba, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu manya, wa ya fi mu gaggawar yaɗa labarin mutuwa? Da an turo hoton wani babba a WhatsApp, kafin a tabbatar mun tura wa mutum hamsin, kowa yana son a ce daga wurinsa aka fara ji. Wannan cuta ta daɗe a ƙasar nan. A 1989 an sanar da mutuwar Nnamdi Azikiwe, aka fara ta'aziyya, mutumin kuwa ya rayu har 1996. A 2017 da Buhari yake jinya a Landan an kashe shi da baki ba sau ɗaya ba, har aka ƙirƙiro cewa wani ɗan Sudan ne aka kawo a madadinsa, sai da ya fito da kansa ya ƙaryata a 2018. Ajalinsa bai zo ba sai Yulin 2025. 'Yan wasan Kannywood nawa ne aka tilasta wa ɗaukar bidiyo suna cewa suna raye?

Sannan mu dubi jana'izarmu. In mai kuɗi ya rasu, sahu kan cika masallaci ya malalo titi, a rufe shaguna. In ɗan garuwa ne ko mai gyaran takalmi da ya zo cirani, da ƙyar a haɗa sahu biyu, wani lokaci sai an bi shago-shago kafin kuɗin likkafani ya cika. Yara suna kallo. A wurinmu suka koyi cewa gawa tana da farashi, waya kawai ta ba su yadda ake lissafawa.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba da ɓoye-ɓoye ba. Ku samarin bencin baya, kun san kanku, ba zan kama suna ba. Ku mayar wa kowa kuɗinsa, ku yaga takardar nan. Masu shayi da masu shaguna, kada ku riƙe wa kowa irin wannan zubi. Limamanmu su taɓa batun a huɗuba kafin ya zama yayi, don abin da ya fara a benci ɗaya ba ya daɗewa ya zagaye unguwa. Mu manya kuma mu riƙe yatsunmu, kada mu tura labarin rasuwa sai mun ji daga iyalin mamaci.

In kuwa rubuta jeri ne ke burge ku, akwai jerin da Sabo take buƙata kuma babu mai rubutawa. Ku bi lungu-lungu ku rubuto tsofaffin da ke kwance babu mai leƙa su, da 'yan ciranin da in sun faɗi yau ba mu san garinsu ba balle lambar danginsu. Ku kai wa fadar Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci. Kuɗin zubin nan zai sayi magani da kunu na kwanaki. Ku fara da gidan tsohon fataken goro, jikansa zai nuna muku ƙofa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.