Kafin a yanka katako: akwatin wufa mai bututu lissafi yake so

Ranar Talata, idan kasuwar Talata Mafara ta cika, ba sai an leƙa cikin mota ake gane wadda aka ɗaura wa wufa ba. Tun daga nesa but ɗinta ke karkarwa, lamba na kaɗawa, gilashi na ƙugi. Mai motar yana jin shi ne sarkin hanya. Amma wanda ya tsaya ya saurara da kyau zai ji cewa rabin abin da ke fitowa kukan ƙarfe ne da hucin iska, waƙar kuwa ta ɓace a ciki.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Matashi ya kalli bidiyo a YouTube ko TikTok, ya ga akwati mai rami a gaba yana girgiza mota. Ya sayo wufa mai inci 12 daga Gusau ko Sakkwato, ya kai wa kafinta, ya ce a yi masa akwati babba a huda masa rami. Kafinta ya yi aikinsa tsaf, domin kafintocin Mafara da Bakura da Maradun ba su da matsalar hannu. Abin da aka rasa shi ne awo. Akwati mai bututu lissafi ne kafin ya zama katako, kuma wanda ya tsallake lissafin yakan biya da kuɗinsa, da batirinsa, wani lokaci har da kunnensa.

Abin da bututun ke yi

Kowa ya taɓa hura iska a bakin kwalbar lemo ya ji ta yi "huuu". Idan aka zuba ruwa rabi aka sake hurawa, sautin sai ya sirance, saboda iskar da ke ciki ta ragu. Akwatin wufa mai bututu haka yake aiki. Iskar cikin akwati tana matsewa tana saki, iskar cikin bututu kuma tana kai da komo, su biyun suna da wani sauti guda da suka fi amsawa. Masanin kimiyya ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya yi bayanin wannan a ƙarni na 19. A shekarar 1961 wani injiniya a Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da hanyar lissafa akwatin daga halayen sifikar kanta, Richard Small kuma ya faɗaɗa aikin a farkon shekarun 1970. Shi ya sa wufa ta gari ke zuwa da takarda mai lambobi irin su Fs da Qts da Vas. Wannan takardar da ake jefarwa tare da kwali ita ce mabuɗin aikin.

Ana auna kaurin sauti da Hz, wato yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya. Idan lambar ta yi ƙasa, sautin ya fi kauri. A kusa da sautin da aka saita akwatin a kai, bututun ne ke fitar da mafi yawan bes, fatar wufar kuma tana hutawa. Ribar ke nan: ƙarin kusan desibel 3 a kan rufaffen akwati, wanda ya yi daidai da ninka ƙarfin amfilifaya ba tare da an sayi wata ba.

Ga misali da lambobi. Akwatin da cikinsa ya kai santimita 55 da 35 da 30 yana ɗaukar lita 57 da ɗoriya, domin ana ninka ukun ne a raba da 1,000. Idan aka cire wurin da wufar da bututun da katakon tokare suka cinye, saura kusan lita 50. Bututun roba irin na ruwa mai faɗin inci 4, idan ana son akwatin ya amsa a 35 Hz, tsawonsa zai kai kusan santimita 31. Idan aka gajarta shi zuwa santimita 10 don kawai guntun da ya rage a shago ke nan, akwatin zai koma amsawa a wajen 52 Hz. Katako ɗaya, wufa ɗaya, amma kiɗan ya koma "bum bum" guda, ko wace waƙa aka saka.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ƙasa da sautin da aka saita, akwati mai bututu ba ya riƙe fatar wufa, tamkar a fili take. Waƙa mai kaurin bes irin amapiano na iya jefa ta gaba da baya har ta yage ko wayar cikinta ta ƙone. Daga nan sai a ce mai shago ya sayar da jabu, alhali bututun ne ya kashe ta. Maganin shi ne matatar da ake kira subsonic a jikin amfilifaya, a saita ta kaɗan ƙasa da sautin akwatin.

Wayar da ke aljihu ta isa ta yi rabin aikin

Abin takaici shi ne kayan awon suna hannun kowa. Manhajar WinISD kyauta ce a kwamfuta mai Windows. Ana zuba mata lambobin takardar wufa ta nuna girman akwati da tsawon bututu. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara zai iya wannan a zama ɗaya, har ya mai da shi sana'a tare da kafinta. A waya kuma akwai manhajojin da ke fitar da sauti guda a kowace lamba aka zaɓa. Bayan an gama akwati, a kwantar da shi wufar na kallon sama, a zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan fatar, a saki sauti a hankali daga 60 Hz ana sauka. Inda geron ya fi lafawa alhali bututun na huci, nan akwatin yake amsawa. Idan ya yi sama da yadda ake so, a ƙara tsawon bututu.

Sauran aikin na kafinta ne, kuma ƙa'idojinsa kaɗan ne. Katako MDF ko filawud mai kaurin milimita 18, ba silin ba. Gam a kowace mahaɗa kafin a ɗaure, domin ƙaramar kafa tana sace bes. Tokare a ciki don kada bango ya yi rawa. Bututu kada ya yi siriri, in ba haka ba zai riƙa fito kamar usur, kuma a bar tazarar aƙalla faɗinsa tsakanin bakinsa na ciki da bango. A ƙarshe a ɗaure akwatin a jikin mota. Abu mai wannan nauyi idan aka taka birki da ƙarfi ba wasa ba ne, musamman a motar da but ɗinta ke haɗe da kujerun baya. Wanda kuwa wufarsa ta zo babu takarda, gara ya yi rufaffen akwati. Ya fi yafe kuskure, ya kuma fi barin wurin kaya da safaya.

Wuta ba ta ƙarya

Kwali zai iya cewa wat 5,000, amma lambar da ke da ma'ana ita ce RMS. Amfilifaya mai wat 1,000 na gaskiya, idan aka ƙure ta, tana iya jan kusan amp 90, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa iyakarta ke nan ko ƙasa da haka, ga fitilu ga fanka suna jira. Shi ya sa fitilar wasu motoci ke lumshewa da kowane bugun ganga. Siririyar waya tana zafi, kuma a watan Afrilu da zafin Zamfara ke haura digiri 40, but ɗin mota tanda ne. Duk mai wayarin da ya ja waya daga batir zuwa but bai saka fiyus kusa da batirin ba, ya ɗana wa motar gobara. Wat 300 na gaskiya a akwatin da aka auna ya fi wat dubu a akwatin kintace daɗin ji.

Inda ya kamata a tsaya

Wani zai ce motarsa ce, kuɗinsa ne, kunnensa ne. Gaskiya ne, kuma son kiɗa mai daɗi ba laifi ba ne. Sai dai kunne ba shi da safaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara fiye da kima. A ma'auninta, desibel 80 ana iya jin sa awa 40 a mako, desibel 90 awa 4, desibel 100 kuwa minti 20 kacal. Wanda ya ƙure wufa dole ya ƙure sauran sifikun don ya ji muryar mawaƙi, nan ne ƙarar ke hawa. Idan mutum ya sauka daga mota kunnensa na "wiii", gargaɗi ne aka yi masa. Ƙwayoyin ji da suka mutu a cikin kunne ba sa sake tsirowa. Manhajar auna ƙara a waya ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma ta isa ta nuna wa mutum ya wuce gona da iri.

Akwai kuma dalilin da mutanen wannan yanki suka fi kowa sani. A hanyar Mafara zuwa Bakura, ko ta Maradun, ko babban titin Gusau zuwa Sakkwato, kunnen direba kayan tsaro ne. Da shi yake jin hon ɗin motar da ta juyo tana gargaɗi, da rugugin babura daga daji, da kiran wayar da za a ce masa kada ya wuce. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koya wa matafiya cewa 'yan daƙiƙu na iya raba tsira da faɗawa hannu. Direban da ya rufe gilashi ya ƙure bes ya toshe wannan ƙofa, ba ga kansa kaɗai ba, har ga fasinjojinsa. A cikin gari ma, kusa da asibiti ko masallaci ko makaranta, ko bayan Isha'i da mutane suka kwanta, maƙwabci yana da haƙƙi. Bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti.

Akwatin da aka auna yana sauƙaƙa duk wannan, domin bes mai tsafta ana jin daɗinsa ko ba a ƙure ba. Saboda haka kafin a kai wufa wurin kafinta, a nemo takardarta, a yi lissafin lita da tsawon bututu, a rubuta masa a takarda. A sayi fiyus kafin a sayi fitilun ado. Idan kuma mota ta bar gari ta kama hanya, a rage murya.