Man mota daga totuwa, ba daga tukunyar talaka ba

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikacin da ke zaune a Kurudu sai ya ware kuɗin mota kafin ya yi lissafin cefane. Ya bi Jikwoyi, ya ratsa Karu, ya maƙale a cunkoson Nyanya, mota tsaye cik, inji na zuƙar mai. Don haka duk binciken da zai rage mana dogaro da fetur namu ne.

Maganar yis nake yi, wanda mai fanke ke barbaɗawa a ƙullu. Halitta ce mai rai: tana cin sukari, ta fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, da kuma sinadarin itanol da ake gaurayawa da fetur. Brazil ta kama wannan hanya da rake tun 1975. Mu ma a 2007 gwamnati ta fitar da manufar gauraya kashi 10 cikin ɗari, amma har yau man bai wadata a gidajen manmu ba.

Sai dai yis na da iyaka. Zafi na raunana shi, itanol ɗin da ya haifa in ya taru yana kashe shi, kuma ba ya iya cin zailos, sukarin da ke cikin totuwa da tuƙar rake. A shekarun 1990, Nancy Ho ta Jami'ar Purdue a Amurka ta dasa masa ƙwayoyin halittar da suka ba shi ikon cin wannan sukari.

Irin wannan yis nake goyon baya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma rogon nan shi ne garin kwaki da alabon gidaje. Ranar da mota ta fara takara da ciki a kan rogo da masara, farashin mudu ne zai faɗa mana wanda ya sha kaye. Kara kuwa na makiyayi ne da mai danga. A nufi ɓawon rogo, buntun shinkafa, totuwa da tuƙar rake, waɗanda yawanci wuta ake cinna musu.

Aikin ba araha ba ne. Tsadar narkar da irin wannan shara ta sa wasu masana'antu a Amurka sun rufe. Amma muna da masana. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ce ta fitar da wake mai jure tsutsa a 2019. Hukumar bunƙasa fasahar halittu na Lugbe, cibiyar kimiyya na Sheda, kuma tun 2015 akwai hukumar sa ido kan halittun da aka sauya.

Abin da nake nema daga gwamnati shi ne ta ware musu kuɗi su samar da yis mai jure zafin ƙasarmu, su bayyana sakamakon gwajin lafiyarsa a harsunan jama'a, kuma doka ta hana mayar da hatsin ci man mota.