Ruwan Tiga Ya Iso Gona, Aji Ya Watse

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da safe, tsakanin watan Janairu da Maris, ya tsaya a Kwanar Gafan, zai ga samari suna jidar kwandunan tumatir suna lodawa a manyan motoci, a daidai lokacin da ake kiran sunayensu a aji. Haka abin yake a gonakin Kura da Bunkure da Kadawa. Ba wanda ya kore su daga makaranta. Kuɗin ƙwadago ne ake miƙa musu kafin la'asar, alhali kuwa amfanin takarda sai bayan shekaru, in ma an gan shi.

Iyayen waɗannan samari ba su manta yadda aka faro ba. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya fara bin kanal zuwa gonaki. A 1976 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, wai kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Waɗanda aka ɗauka a lokacin suna ba da labarin yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa don a gane ko ya isa shiga, da yadda wasu iyaye ke ɓoye 'ya'yansu idan ɗan aiken dagaci ya shigo unguwa, da malamai matasa da aka horar a gurguje aka danƙa musu aji. Ruwa da boko kusan tare suka iso wannan yanki, amma ba a taɓa zama an daidaita su ba.

To, ina matsalar take? Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne da damina, wanda ya dace da garin da ake noma sau ɗaya a shekara. A nan kuwa gona ba ta hutu. Dashe da ban ruwa da feshi da tsinkar tumatir da yankan alkama duk a tsakiyar zangon karatu suke, kuma mafi nauyinsu yana zuwa ne gab da jarrabawar JAMB da WAEC. Ɗalibin da ya yi wata biyu a bakin kanal da wane kai zai zauna wa lissafi? Sai ya faɗi, sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Abin takaici shi ne jahilcin a gonar yake karɓar fansarsa. A 2016 ƙwaron nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ya cinye tumatir a Kano, har kamfanin Ɗangote na Kadawa ya tsaya don rashin abin sarrafawa. A irin wannan rana ake neman wanda zai karanta abin da ke jikin kwalbar magani, ya san awo, ya san wanda zai kashe ƙwaro da wanda zai ƙone shuka. Haka in an zo takardar bashin taki, ko lissafin buhu tsakanin manomi da mai injin shinkafa a Kura: mai dangwala yatsa shi ake cuta.

Mahukunta sun yi shela har sau biyu. Gwamnatin Ganduje ta ce ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Shela dai ba ta ban ruwa a madadin yaro. Abin da yankin ke bukata ƙarami ne: a duba lokacin shiga da tashi a makarantunsa a watannin rani, a buɗe ajin yamma ko na dare ga waɗanda gona ta riƙe.

Su ma 'yan'uwa matasa ba za su jira ba. Wanda ya iya raba safiya da maraice tsakanin allo da gona yana yaro, zai iya raba su yanzu. Waɗanda suka gama sakandare ko kwaleji suna zaune a gari, su nemi izinin hedimasta ko limami, su tara ƙannensu bayan isha'i su bita musu lissafi da Turanci kafin watan Mayu. Masu gona kuma su daina ɗaukar ɗan makaranta jinga kafin a tashi daga aji.