AFIL NA MAI KUƊI NE KO NA KOWA?

'Yan'uwa talakawa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, alƙali ɗan Adam ne, yakan yi kuskure. Don haka aka aza wata kotu bisa kansa. Amma mu tambaya: wa ke iya kaiwa gare ta?

Dattawanmu sun san zamanin En'e. Alƙali ya yanke, a karɓi ushira, in ka ce afil a ce ka raina sarauta. Duk da haka, a 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Ashe hukuncin sarki ma yana tashi! A 1956 Jihar Arewa ta sami kotun afil ta Musulmi, a 1960 aka maye gurbinta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Da aka yanki Jihar Katsina a 1987, muka sami tamu.

Mun ga amfaninta nan kusa da mu. A 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, ta Funtuwa ta tabbatar. Sai a Satumba 2003 kotun Katsina ta rushe shi. Ba don afil ba, da tuni an rufe zance.

To, amma ita duniya ta tsaya mata, lauyoyi suka yi ta zirga-zirga. Mai tumatir na kasuwar Sheme da aka ƙwace wa rumfa fa? Gwauruwar da aka cinye wa gonar marayu fa? Kuɗin mota, kuɗin kwafin hukunci, kuɗin lauya, a ɗage yau a ɗage gobe, ga hanya ba lafiya. Sai talaka ya ce ya bar wa Allah. Wannan ba haƙuri ba ne, tilas ce.

Abu uku muke nema. A ba wanda aka kayar kwafin hukunci kyauta, da Hausa. Alƙali ya gaya masa a bainar jama'a cewa yana da ikon afil, da kwanakin da aka ba shi. Manyan alƙalai su riƙa zuwa rangadi su zauna a garuruwanmu.

Mai karɓar haraji ya san hanyar kasuwarmu, bai taɓa ɓata ba. Adalci ma ya koyi hanyar.