Jinyar Jeka-ka-dawo: Abin Da Ya Kamata Mu Nema Wa 'Ya'yanmu Da 'Yan Uwanmu



Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna.  Saƙon yau ba na taro ko anko ba ne. Magana ce mai nauyi a kan shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, don Allah ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki tura.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mafi yawan 'ya'yanmu da 'yan uwanmu da suka faɗa wannan jarabawa za su iya samun magani suna kwana a gidajensu. Su je asibiti, su ga likita, su dawo gida, kamar ɗan makarantar jeka-ka-dawo. Wannan jinyar ce ya kamata mu matan siyasa mu tsaya kai da fata a kawo mana ita kusa.

Mu fara da girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A Kano kashi 16 cikin 100 ne na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Kuma duk mutum huɗu masu sha a ƙasar nan, ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan fim ɗin da BBC ta fitar. An hana kwalba, amma wadda jikinta ya riga ya saba fa? Da yawa sun koma tiramol, roci da diyazefam.

Kada wata ta ce abin na 'yan bakin kasuwa ne. Yana Gama, yana Dakata, yana Hotoro, yana nan Nassarawa GRA bayan dogayen katangu da maigadi a ƙofa. Bambancin kawai, mai hali ta fi iya ɓoyewa.

Ɓoyewar nan ita ke cinye mata. Namiji in ya kamu, a kai shi wani wuri wata uku, ya dawo a ce ya yi tafiya. Mace fa? Budurwa in aka ji an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa, masu binciken aure sun samu abin faɗa. Matar aure in ta bar ɗakinta wata uku, wa zai riƙe yara, me za a ce wa dangin miji, wa zai kama bakin kishiya? Shi ya sa ake rufe ta a ɗaki a ce aljanu ne, ana ta hayaƙi har abin ya fi ƙarfin kowa. Kuma da yawa ba iskanci ne ya kai su ba. Wata rashin barci ne bayan haihuwa, wata baƙin cikin zaman aure, wata ciwon baya ne aka ba ta ƙwaya a kemis tun tana sha ɗaya har ta koma huɗu. Ciwon damuwa yana jawo shan ƙwaya, shan ƙwaya yana ƙara ciwon damuwa. In aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, an yi aikin baban giwa.

Mun kuma ga inda neman wurin ajiye mutum ya kai iyaye. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi ne ya kai su. Amma mari ƙafa yake ɗaurewa, ciwon kuwa yana cikin kai.

To yaya jinyar jeka-ka-dawo take? Ranar farko likita zai zauna da ita, ya tambayi me take sha, nawa, tun yaushe, ya duba ko akwai damuwa, fargaba ko wani ciwon a ƙasa. In akwai buƙatar magani ya rubuta. Wasu ƙwayoyin a hankali ake rage su, domin yanke irin su diyazefam rana ɗaya na iya jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Don haka, 'yar uwa, kada ki ƙwace ki zubar ki ce kin yi magani. Daga nan sai zaman tattaunawa da mai ba da shawara, da farko mako-mako, in sauƙi ya samu a koma wata-wata. Ana kiran uwa ko miji a koya musu yadda za su zauna da ita. Tana ɗakinta, tana aikinta, tana zuwa Islamiyyarta. Mai ganinta a layin asibiti bai san me ya kawo ta ba.

Na san wata za ta ce, “Hajiya, in ta dawo gida ai ƙawayen suna nan, mai sayarwa yana nan.” Gaskiya ne. Amma wadda aka rufe wata shida ma unguwar za ta dawo. Gara ta koyi cewa a'a tana cikinmu, likita na bibiya. Kuma akwai waɗanda dole a kwantar: mai maganar kashe kanta, wanda ke neman illata mutane, wanda hankalinsa ya gushe, ko wanda janye ƙwayar zai iya zama haɗari gare shi. Likita ne zai tantance, ba mu ba. In kuma ta koma sha bayan ta daina, kada a ce asara aka yi. Mai hawan jini in jininta ya sake hawa, asibiti ake mayar da ita, ba wanda ke korarta daga gida.

Wata kuma za ta ce addu'a ta isa. Addu'a ba ma barinta, ko kusa. Amma duk wadda ta zauna gaban malam ta san addininmu ya umarce mu da neman magani, ya kuma umarce mu da rufa wa juna asiri. A haɗa biyun.

Ina za a je yanzu? Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a hanyar Katsina. Hukumar NDLEA tana da masu ba da shawara, da layin kira kyauta dare da rana: 0800 1020 3040. Sai dai ki lissafa kuɗin A Daidaita Sahu daga Kawaji ko Tudun Murtala zuwa Dawanau, mutum biyu, zuwa da dawowa, kowane mako. Nan ne talaka ke yanke jinya a tsakiya. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma kare mutuncin marar lafiya. Doka tana kan takarda, saura ta iso asibitin unguwa.

Nan aikinmu yake. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma babu mazaɓar da ba mu da mata a cikinta. Mu ne ke tsayawa a rana ranar zaɓe. Duk mai neman ƙuri'armu, daga kansila zuwa sama, namu ne ko na wasu, mu ɗora masa waɗannan:

1. A ware rana ɗaya a mako ta duba lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye a asibitocin unguwa, a horar da ma'aikatan da ke wurin.

2. A sa mata cikin masu ba da shawara, da ɗakin da ba a jin magana daga waje.

3. A sa tambayar barci, damuwa da shan ƙwaya cikin awon ciki da ranar rigakafin yara.

4. A sauƙaƙa kuɗin maganin ga marasa ƙarfi.

5. Kada a raba wa ɗan kowa ƙwaya da sunan kamfe. Ɗan da aka bugar don ya bi mota yana ihu, gidan uwarsa zai koma bayan zaɓe.

Mu ma akwai namu. Kowace shugabar mazaɓa ta nemo mata biyu masu riƙe sirri, waɗanda uwa za ta iya kira su raka ta asibiti. A wannan zaure kada a sako sunan kowa, ko hoto, ko “kun ji 'yar gidan wane”. Wadda ta yi haka za mu cire ta. In maƙwabciyarki ta buɗe miki cikinta, ki tambaye ta wace rana za ku je, ki kama mata kuɗin mota in da hali. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Shugabannin mazaɓu, ku zo taronmu na gaba da sunan asibitin da ya fi kusa da matanku, mu haɗa takarda ɗaya mu miƙa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.

Ki tura wa 'yar uwarki.

Taku har kullum,
Shugabar Mata, Nassarawa