Dutsen Fan Kuan ba allon talla ba ne

Wani mai koyar da "sirrin nasara" a Facebook ya ɗauki wani zanen dutse na ƙasar Sin, ya yanke gindinsa, ya manna hotonsa da babbar riga a ƙololuwa, wai kowa ya hau sama ya same shi. Abin ya ƙona mini rai. Zanen da ya ɓata na Fan Kuan ne, gwanin zane na zamanin daular Song, wanda ya yi shi da tawada a kan siliki wajen shekara ta 1000. Yau yana ajiye a gidan tarihi na Taipei.

Tsayinsa ya ɗan haura mita 2. Dutsen ya cinye fiye da rabin zanen, ya miƙe kamar ganuwa, wani siririn ruwa na zubowa ta tsaginsa, hazo ya lulluɓe gindinsa. Sai ka sunkuya ka ƙura ido can ƙasa ta hannun dama kafin ka hango fatake da dabbobinsu ɗauke da kaya, 'yan mitsi-mitsi. Su ne zuciyar zanen, su kuma mutumin nan ya datse ya yar. Shi kansa Fan Kuan cikin ganyen itatuwa ya ɓoye sunansa, sai a 1958 aka gano shi. Wannan kuwa ya rangaɗa nasa da jan rubutu, har da lambar waya!

Neman arziki ba laifi ba ne. Amma masu wannan sana'a, da sun ga dutse sai su ce a hau a taka. Kullum ƙololuwa, kullum "ni na iso", ba ruwansu da mai jaki da ke tafe a ƙasa, wanda guminsa ke ciyar da gari. Tun muna yara malamai suka karantar da mu cewa komai taƙamar mutum ba zai kai tsawon dutse ba, aka kuma umarce mu da mu dubi yadda aka kafa duwatsu don mu yi tunani. Ina aka kai wannan karatu?

Cutar ba a intanet ta tsaya ba. Ka bi manyan hanyoyinmu ka ga duwatsu an shafe su da fenti: tallan maganin basir, sunan ɗan takara, lambar boka. Zaɓe ya wuce, damina ta zo ta tafi, fentin na nan daram. Ya kamata ƙananan hukumomi su fara cin tarar masu yin haka, su kuma sa su kankare shi da hannunsu.